Afgired ko cikakken Windows, wanne ya kamata ka sa kuɗɗinka?

Tambayar ga ta ishe ni wallahi, kusan kullum sai an yi min ita a shago ko a WhatsApp, musamman tun da Microsoft sunka daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Wani shi ce Malam afgired zan yi, wato hawa daga tsohon Windows zuwa sabo, ko ful bashon zan saya, wato cikakken lasisi, wani shi ce an ce mishi afgired ba ya da ƙarfi kamar ful, wani ma cewa yay yi wai afgired shina cinye batir. To bari in zauna in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura mishi.

Abin da ke rikita mutane shi ne abu biyu anka haɗa cikin suna ɗaya. Akwai maganar lasisi, wato izinin da ka biya ko anka biya maka na amfani da Windows, akwai kuma maganar yadda za a ɗora shi bisa kwamfuta, ko a ɗora kan tsohon ko a share komai a yi fomatin a fara daga farko. Kana iya samun lasisi ta hanyar afgired amma ka yi fomatin tsaf, kana kuma iya sayen cikakken lasisi ka ɗora shi kan tsohon ba ka share komai ba. Windows ɗin da zai hau kwamfutarka ɗaya ne sak, babu wani fayil da anka rage ma mai afgired, babu wani ƙarin gudu da anka ba mai ful. In wani mai gyara yac ce maka ful ya fi ƙarfi, ko dai fomatin yake nufi bai iya faɗi ba ko kuma kuɗɗinka yake so.

Asalin maganar daga zamanin kwali ne. Lokacin da Windows 7 ya fito ranar 22 ga Oktoba 2009 kwali iri biyu ake saidawa, Home Premium na afgired dala 119.99, cikakkensa dala 199.99, Professional na afgired 199.99, cikakke 299.99, Ultimate kuma 219.99 da 319.99. Rangwamen na wanda ya riga ya mallaki XP ko Vista na halal ne, kamar ka kai tsohon mashin ɗinka a yi maka ciko a ba ka sabo, tsohon lasisin ya narke cikin sabon ba za ka ɗauke shi ka kai ma wata kwamfuta ba. Kuma ko a wancan lokacin mai XP da ya sayi kwalin afgired dole sai ya kwashe kayansa ya yi sabon ɗori, mai Vista kaɗai ke iya hawa kai tsaye, ka ga tun can ma suna daban aiki daban. Windows 8 da ya zo a Oktoba 2012 sun yi garaɓasar afgired dala 39.99 zuwa ƙarshen Janairu 2013, daga 8.1 kuwa sai sunka bar saida kwalin afgired, cikakke kawai. Sai Windows 10 ranar 29 ga Yuli 2015 wanda anka ce masu 7 da 8.1 su hau kyauta shekara guda, amma ƙofar ta zauna a buɗe shekara da shekaru mu masu gyara muna ta shigar da mutane da lambar lasisi da ke manne ƙarƙashin laftof, sai a Satumba 2023 anka rufe ta da gaske. Don haka wanda har yanzu ke tunanin zai kankare sitikar Windows 7 ya aktibet ɗin 10 ko 11 da ita, wato ya tabbatar da lasisinsa, ya makara.

Yau abin da ke gabanka uku ne in za a faɗi gaskiya. Hawa daga 10 zuwa 11 kyauta in kwamfutarka ta cika sharaɗi kuma Windows 10 ɗinka na halal ne. Sayen cikakken lasisin Windows 11, Home dala 139, Pro dala 199. Sai ƙaramin afgired daga Home zuwa Pro da ake biya dala 99 cikin Microsoft Store. Ko a ce dala naira 1,000 take, 139,000 kenan na Home kawai, kuma kowa ya san ta wuce nan tuni, kuɗɗin da wani zai ɗan ƙara a kai ya sayi laftof ta hannu sukutum.

Shi ya sa nake cewa kada ka ciro ko kwabo sai ka diba abin da ke cikin kwamfutarka tukuna. Galibin laftof da ke hannun mutane a garin nan tokumbo ne, HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, kayan ofisoshin Turai da Amurka da sunka gama yayi anka kwaso, kuma irin waɗannan yawanci da lasisin Pro sunka fito daga kamfani. Tun daga Windows 8 ba a manna lambar a sitika, cikin madabod, wato babban bod na cikin kwamfuta, ake dasa ta, ko ka canza had dis ka sa SSD ko ka yi fomatin sau goma tana nan. Irin wanga lasisi shi ake kira OEM, da kwamfutar anka haife shi da ita kuma zai mutu, ba ya ƙaura. Wanda kas saya da kuɗɗinka daga Microsoft ko dillalinsu shi ne Retail, shi kana iya cire shi daga tsohuwa ka kai sabuwa muddin kwamfuta ɗaya ke amfani da shi a lokaci guda. Wannan ƙaura ita ce kaɗai babbar fa'idar ful, ita kake biya ma kuɗɗi.

Yadda za ka gane naka ba wuya, danna madannin Windows da R tare, rubuta slmgr /dli ka danna Enter, ɗan akwati zai fito ka ga an rubuta OEM ko RETAIL ko VOLUME. In VOLUME ne da KMS a jiki, wato irin lasisin da kamfanoni ke saye da yawa, to ko dai lasisin tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita ne ko kuma wanda ya yi maka fomatin ne ya sa kirak, wato lasisin jabu, irin wannan kwana 180 yake yi sai an sabunta, shi ne kake ganin saƙon nan mai cewa lasisinka ya kusa ƙarewa ya tsaya maka tsakiyar allo kana cikin aiki. Abin haushin shi ne sau da yawa a ƙarƙashin wannan kirak ɗin akwai lasisin halal kwance cikin madabod, mai fomatin ɗin ne bai damu ya diba ba, filas ɗaya gare shi da Windows ɗin da anka taɓa, kowa ya zo shi yake zuba mai.

Kwanaki wani yaro ɗan aji huɗu a jami'ar Danfodiyo yaz zo da rana tsaka, ya sauko daga kabu-kabu jakar laftof a ƙirji gumi sharkaf, yac ce Yaya don Allah ful bashon nike so na Windows 11, an ce min in ban sa ba furojet ɗina zai lalace, ga kuɗɗin da Baba ya turo. Na buɗe na ga EliteBook 840 G5 ce mai i5-8350U. Nac ce ƙanena mai da kuɗɗinka aljihu. Lasisin Pro na nan cikin bod, TPM ɗin, wato ɗan abin tsaro da Windows 11 ke buƙata, shi ne kawai a kashe cikin BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, kuma wanda ya yi mai fomatin a baya ya ɗora Windows ta tsohuwar hanya wato Legacy da MBR shi ya sa manhajar PC Health Check ke ta ce mishi kwamfutarka ba ta cancanta ba. Munka kwashe furojet da hotunansa zuwa filas biyu, ɗaya ma na aro, munka kunna TPM munka mai da ita sabuwar hanya wato UEFI, anka ɗora 11 sabo, wurin da ya nemi lamba munka danna babu lamba, tana hawa intanet ta aktibet da kanta. Yaron sai kallona yake yana jira in ce saura kaza. Kuɗɗin aiki kawai ya biya, ragowar na ce ya ƙara RAM daga 8 zuwa 16 don manhajar lissafi ta SPSS da yake ta kuka da ita.

To amma ba kowa ke da sa'ar yaron ga ba, kuma nan ne maganar ta fi zafi. Windows 11 da ya fito 5 ga Oktoba 2021 shina da sharuɗɗa, RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, TPM 2.0, UEFI mai Secure Boot, sai kuma furosesa wanda a ɓangaren Intel kusan daga janareshon na 8 ne zuwa sama, a AMD kusan daga Ryzen 2000. Ka dibi lambar furosesarka, in i5-6300U ce ta shida ce, in i5-7200U ce ta bakwai, in ta fara da 8 ka tsira. EliteBook 840 G3 da ta cika gari, wadda ɗalibai da masu shagon buga takardu ke ji da ita, ta shida ce, ba ta cikin lissafi. Kuma ka ji da kyau, sayen cikakken lasisi ba ya gyara wanga matsala ko kaɗan, ko ka biya dala 199 sharaɗin na'ura na nan daram, lasisi izini ne ba kayan ƙarfe ba. Na ga wanda ya yi wannan kuskure, ya biya kuɗɗi masu yawa sannan yaz zo yana tambaya mi ya sa har yanzu take ƙi.

Eh na sani ana tsallake sharaɗin, Rufus ma, manhajar da ake haɗa filas ɗin ɗora Windows da ita, shina da wurin da za ka danna ya cire maganar TPM lokacin da kake haɗa filas, ni ma na yi ma mutane kuma tana tafiya lafiya. Sai dai Microsoft sun faɗa ƙarara cewa irin wagga kwamfuta ba su ɗauki alkawarin ba ta afdet ba, kuma babban afdet na shekara ba ya zuwa mata da kansa sai ka sake ɗorawa da hannu. Na gida da kallon fim da ɗan buga takarda ba laifi, amma kwamfutar da ke riƙe da lissafin shago ko sakamakon ɗalibai ni ba zan ba da shawarar ba. Akwai kuma shirin ƙarin wa'adi na Windows 10 da sunka kira ESU, dala 30 ko maki 1,000 na Microsoft Rewards ko kyauta in ka haɗa saitinka da akawun ɗin Microsoft, wa'adin da sunka sa mai shi ne 13 ga Oktoba 2026, jinkiri ne kawai. Wanda aikinsa bai wuce burawuza da rubutu ba ya gwada Linux Mint, kyauta ne kuma tsohuwar kwamfuta na jin daɗinsa, amma wannan hirar wata rana ce.

Yanzu ɗaya ɓangaren, a ɗora kan tsoho ko a share. Ɗori kan tsoho daɗinsa komai naka na nan, fayiloli, manhajoji, direban firinta, har hoton bangon allo. Mai shagon da ke da CorelDraw da tsohuwar firinta da wata manhajar lissafi da wanda ya sa mai ita ya bar gari tun tuni, wannan ɗori kan tsoho ya fi mai, don in anka share wani abun ba zai sake samunsa ba. Kuma akwai hanyar komawa, tsohon Windows na zaune cikin folda mai suna Windows.old kwana 10, in sabon bai yi maka ba ka koma, bayan kwana goma kwamfutar ta share shi da kanta. Kada ka bari wani mai son samar maka wuri ya goge foldar ga a ranar farko.

Aibinsa kuwa duk dattin da ke ciki da shi za ka ƙaura. In kwamfutar na da ƙwayar cuta irin ta filas ɗin nan mai mai da folda shotkot wadda ke yawo tsakanin shagunan buga takardu kamar mura lokacin hunturu, ko kirak uku kan juna, ko tana ɗaukar minti biyar kafin ta buɗe, sabon Windows ba zai wanke ta ba, ka yi sabon fenti ne bisa katangar da gishiri ya ci. Nan fomatin ya fi, kuma daga nan ne mutane sunka samo zancen wai ful ya fi gudu, alhali sharar ce ta sa gudun. Haka wanda ke kan Windows 10 mai 32-bit ba shi da zaɓi, 11 duk 64-bit ne, sai an share.

Wani ƙaramin abu da ya taɓa ɓata min yini guda, harshen Windows ɗin. Laftof da ta zo daga Ingila galibi Turancin Ingila ke kanta, in ka sauko da ISO, wato fayil ɗin ɗora Windows, na Turancin Amurka ka ce za ka ɗora kan tsoho sai ka ga zaɓin riƙe manhajoji ya dushe ba ya dannuwa, ka yi ta zargin filas alhali harshe ne bai zo ɗaya ba. Wanda anka rubuta English International shi ne nata. Tun daga ranar iri biyun nake ajewa.

Sai maganar wuta da data, wadda masu rubutu daga waje ba su san da ita ba. Fayil ɗin Windows 11 ya haura 5GB, in ta Windows Update za ka bi kowace kwamfuta sai ta sauko da nata, mai kwamfuta shida a shago ya lissafa. Gara a sauko da ISO sau ɗaya a sa a filas mai 8GB ko fiye, in ɗori kan tsoho kake so ka buɗe filas ɗin cikin Windows ka danna setup, in sharewa ce ka tada kwamfutar daga filas ɗin, abu ɗaya aiki biyu. Wuta kuwa na taɓa fara afgired bisa wata destof ba UPS, yana kashi sittin da wani abu anka ɗauke, da ta dawo kwamfutar ta yi ta juyi tana ƙoƙarin komawa tsohon, Allah ya taimaka ta koma amma sai bayan la'asar, mai ita na zaune bisa benci shina ta kallon agogo ni kuma ina ta salati a zuci. Ɗori kan tsoho ya fi fomatin daɗewa nesa ba kusa ba, balle a had dis mai juyawa, don haka in laftof ɗinka batirinta ya mutu kada ka fara sai kana da janareta ko sola tsayayye. Kuma a zafin Afrilu da Mayu na Sakkwato da ke haura digiri 40, laftof da ƙurar hunturu ta toshe ma fanka tana iya kashe kanta tsakiyar aiki, a busa ta tukuna, a yi aikin da safe ko da dare.

Game da lambobin nan masu arha da ake tallatawa a intanet, wai Pro na har abada da kuɗɗin da bai kai na cin abinci sau biyu ba, ka tambayi kanka yadda abin dala 199 ya koma haka. Yawanci lambobin kamfanoni ne ko na makarantu da anka sayar ma mutane da yawa, tana iya aiki yau a toshe ta gobe, kuma ba ta ƙaura kamar Retail na gaske ko da mai tallar ya rantse. Wani Alhaji mai shagon intanet ya saya ma kwamfutocinsa duka, bayan 'yan watanni rubutun nan na Activate Windows ya dawo a kusurwa, yaz zo yana faɗa kamar ni na sayar mai, nac ce ranka shi daɗe ai da ka tambaya kafin ka biya. Da munka diba huɗu daga ciki ma suna da nasu lasisin a bod tun asali. In ba ka da halin saye, Windows da ba a aktibet ba shina aiki, rubutun kusurwa ne da hana ka canza hoton bango da launi, ya fi maka kirak da ba ka san abin da anka cusa ciki ba.

To wa ya kamata shi sayi cikakke? Wanda ya haɗa destof da kansa daga bod zuwa akwati, don ba ta zo da komai ba. Wanda ya sayi sabuwar laftof mai FreeDOS, irin waɗanda ake rage ma kuɗi don babu Windows a ciki. Wanda ke canza kwamfuta duk shekara biyu kuma shina son lasisinsa ya bi shi. Sai ofis ko makaranta ko cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke buƙatar rasit da takarda ko da za a zo bincike. In kana cikin waɗanga ka saya, ka haɗa shi da akawun ɗinka na Microsoft tun ranar farko, don ranar da bod ta ƙone anka canza, ta akawun ɗin ne za ka shiga wurin gyaran aktibeshon ka ce na canza kayan na'ura ya dawo maka. Mai OEM in bod ta tafi galibi lasisi ya bi ta, sai dai in bod ɗin da anka sa mai ta zo da nata.

Home da Pro kuwa kada ka wahal da kanka. Afgired na kyauta Home na zuwa Home ne Pro na zuwa Pro, kuma lokacin fomatin ka zaɓi irin wanda lasisinka yake, in bod na Home ne ka zaɓi Pro don ka ji sunan ya fi daɗi ba zai aktibet ba. Pro na da BitLocker cikakke da Remote Desktop da Hyper-V da shiga domen na ofis, in ba ka san mi waɗannan ke yi ba to ba ka buƙatar biyan dala 99. Gudu ɗaya ne.

Tun da na ambaci BitLocker, wato abin da ke kulle dis kada wani ya karanta abin da ke ciki, sababbin Windows 11 daga 24H2 in anka yi sabon ɗori ka shiga da akawun ɗin Microsoft suna iya kulle dis ɗin da kansu har a Home, makullin lamba 48 ce tana cikin akawun ɗin. Matsalar ita ce da yawa mai shago ke buɗe musu akawun da imel ɗin da ba su sani ba, ranar da allo mai shuɗi ya fito yana neman lambar babu wanda ya san fasuwod. Ka tsaya a kai a yi da imel ɗinka da lambar wayarka, ka shiga akawun ɗin ka kwafe lambar a takarda ka aje inda kake aje takardun makaranta.

Ni dai a shagona in mutum yaz zo da 840 G3 da kuɗɗin ful a hannu, abin da nake ce mai ya haɗa kuɗɗin da abin da zai samu in ya sai da ita ya nemi G5 ko Latitude 7490 ko ThinkPad T480, amma ya diba furosesa da idonsa don cikinsu akwai masu janareshon na 7. Kafin ya biya mai kaya ya sa a kunna, a haɗa da hotspot na wayarsa, a buɗe slmgr /dli, a buɗe tpm.msc ta wannan hanya ya ga TPM ɗin 2.0 ne, in mai kayan ya fara cewa ai babu caji ko sauri yake to ya ɗauki kuɗɗinsa ya leƙa shago na gaba.